Tsara awon haske a kiriterapin sankarar bakin mahaifa: hanyoyi uku da kalmomin bayyana su da Hausa

0. Gabatarwa

Macen da ta je likitar garinsu a Gabi ko Safo ko Ɗan Isa tana kukan zubar jini bayan saduwa, ko bayan ta daina haila, hanyar da za ta bi sananniya ce: asibitin gundumar Madarumfa, daga nan kuma Maraɗi. Idan awo ya tabbatar da sankarar bakin mahaifa, kuma ciwon ya wuce matsayin da fiɗa kaɗai ke isa, sai a koma ga maganin haske. Cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara da ke Yamai ta buɗe sashenta na radiyoterapi a shekarar 2021 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, amma tsakanin Maraɗi da Yamai akwai fiye da kilomita 650.

A duk tsawon wannan tafiya, ana tsara maganin da Faransanci, ana rubuta shi da Faransanci, ita kuwa marar lafiya da Hausa take jin sa, daga bakin ungozoma ko malamin jinya ko wani ɗan uwa da ya yi lakkwal. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, batun ƙirƙirar kalmomin fannu ya ƙara nauyi a wuyan masana harshe. Sai dai kuma ba a raɗa wa abu suna kafin a san shi. Bisa ga haka, manufar wannan maƙala iri biyu ce: da farko mu bayyana hanyoyin da likitoci ke bi wajen tsara awon haske a kiriterapi, sannan mu duba kalmomin da suka dace da kowace hanya. Za mu nuna cewa tarihin wannan fanni tarihi ne na sauya wurin da ake yin awo, kuma fassarar da ba ta riƙe wannan ba tana iya sa mace ta bar magani a tsakiya.

1. Abin da ake nufi da kiriterapi

Kalmar Faransanci curiethérapie, wadda muka mayar kiriterapi, ta samo asali daga sunan Marie da Pierre Curie, waɗanda suka gano radiyom a birnin Paris a 1898. Turancin Ingilishi ya ɗauki wata hanya, ya gina tasa kalmar a kan saiwar Girkanci brachy mai ma'anar «gajere», wato haskawa daga ɗan gajeren nisa. Ɗaya ta riƙe sunan mutum, ɗaya ta riƙe yanayin aikin. Aikin shi ne a sanya tushen haske a cikin mahaifa da farji, daf da ciwon, maimakon a harbo hasken daga wajen jiki.

Dalilin yin haka ƙa'ida ce ta kimiyyar fizik: ƙarfin hasken da ke fitowa daga ƙaramin tushe yana raguwa gwargwadon nisa sau nisa. Idan a santimita 1 awon ya kai 100, a santimita 2 zai koma kusan 25, a santimita 3 kuma kusan 11. Wannan raguwa ita ce amfanin kiriterapi, ita ce kuma haɗarinta. Bakin mahaifa yana zaune ne tsakanin mafitsara ta gaba da ƙarshen hanji ta baya. Saboda haka ana iya ba ciwon awo mai yawa ba tare da an lalata maƙwabtansa ba, amma kuskuren milimita kaɗan yana iya barin gefen ciwon babu isasshen haske, ko ya ɗora wa hanji abin da ya fi ƙarfinsa.

Kiriterapi ba ta tafiya ita kaɗai idan ciwon ya yi girma. Ana fara haskawa daga waje, galibi gire 45 (gire, alamarsa Gy, shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha) a zama 25 cikin mako biyar, tare da ƙarin ruwan maganin sisplatin sau ɗaya a mako, tsarin da ya kafu tun 1999. Bayan nan, ko wajen ƙarshensa, sai a yi haskawar ciki.

Tushen hasken ma ya sauya. An bar radiyom, an koma ga seziyom 137, daga baya ga iridiyom 192 da kobal 60. Ƙarfin iridiyom yana komawa rabi cikin kwana 74, sabili da haka ana sauya shi duk wata uku ko huɗu. Na kobal kuwa sai bayan shekara 5,27. Ga ƙasa irin Nijar, wadda ke nesa da masana'antun da ke haɗa waɗannan tushe, bambancin yana da muhimmanci wajen zaɓen na'ura. Akwai kuma bambancin sauri: haskawa a hankali, tsakanin gire 0,4 da 2 a awa, tana ɗaukar kwanaki mace na kwance, haskawa da sauri, fiye da gire 12 a awa, tana ƙarewa cikin mintoci, ana maimaita ta sau biyu zuwa biyar.

2. Hanyoyin tsara awo

Domin sauƙaƙa bayani, za mu yi amfani da misalin da duk mutumin gundumar Madarumfa ya sani, wato noman rani na Jiratawa. Mai son ya san ko gonarsa ta sha ruwa yana da hanya uku. Yana iya lissafa awa nawa injin ya yi yana aiki. Yana iya kafa tsinke wuri guda ya duba zurfin jiƙar ƙasa a nan. Yana iya kuma zagaya fangalin gaba ɗaya ya ga ina ya ƙoshi, ina ya bushe, ina ruwa ya ɓalle zuwa gonar maƙwabci. Haka kiriterapi ta bi waɗannan matakai uku.

2.1. Awo a bakin tushe: Istokholm da Paris

Makarantu biyu na farko sun auna abin da aka sanya ne da tsawon lokacin da ya zauna. A asibitin Radiumhemmet na Istokholm, a ƙasar Suwidin, Gösta Forssell da James Heyman sun riƙa sanya radiyom mai yawa na kimanin yini guda da kwana, su cire, su maimaita sau biyu ko uku cikin ƴan makonni. A Cibiyar Radiyom ta Paris kuwa, Claudius Regaud ya zaɓi radiyom kaɗan a zama ɗaya mai tsawon kusan kwana biyar. Duka biyun suna rubuta maganin da miligiram sau awa: misali, miligiram 60 na tsawon awa 120 ya ba da 7200.

Wannan lamba tana faɗin abin da ya fita daga tushe. Ba ta faɗin abin da tsoka ta karɓa. Mata biyu na iya samun lamba ɗaya alhali girman mahaifarsu da zaman bututun a cikinsu sun bambanta ƙwarai.

2.2. Awo a ɗigo: tsarin Manchesta

A shekarar 1938, Margaret Tod da W. J. Meredith na birnin Manchesta a Ingila suka kawo shawarar a zaɓi wuri guda a cikin jiki a riƙa rubuta awo a kansa. Suka kira shi ɗigon A: santimita 2 zuwa sama daga lungun farji na gefen bakin mahaifa, da santimita 2 zuwa gefe daga tsakiyar kogon mahaifa. Sun ɗauka cewa wajen nan ne jijiyar jinin mahaifa ke gicciye bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, wato wurin da juriyar jiki ke da iyaka. Suka ƙara ɗigon B, santimita 5 daga tsakiyar jiki a daidai wannan tsayi, domin sanin abin da ya isa kusa da bangon ƙugu. A 1953 suka gyara ma'anar ɗigon A, suka mayar da mafarin lissafi zuwa ƙarshen bututun da ke cikin mahaifa, tun da shi ake iya gani a hoto.

Aikin yana tafiya kamar haka. Ana sanya wa mace abin da za mu kira mariƙi: siririn bututu a cikin mahaifa, da ƴan ƙwallaye biyu ko zobe a lungun farji. Ana cusa auduga don a nesanta mafitsara da hanji. Ana ɗaukar hoto biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, a sanya ɗigogin a kansu, a lissafa lokacin da zai kai ɗigon A ga awon da ake so. Idan aka haɗa wuraren da suka sami awo ɗaya da layi, siffar da ke fitowa littattafan Faransanci suna kwatanta ta da ɗan itacen poire. Mutumin Madarumfa bai san shi ba. Abin da ya sani mai wannan siffa shi ne gora, siririn wuya a sama, faɗi a ƙasa.

A 1985, rahoto na 38 na hukumar duniya mai kula da ma'aunan haske, ICRU, ya ƙara ɗigo biyu na kariya. Na mafitsara ana samun sa ta hanyar cika balan-balan ɗin robar fitsari da santimita kubik 7 na ruwan da ke fitowa a hoto. Na hanji kuwa yana milimita 5 bayan bangon farji na baya. Rahoton ya kuma nemi a riƙa faɗin tsawo da faɗi da kaurin goran da ya sami gire 60.

Tsarin Manchesta ya daɗe saboda sauƙinsa: hoto biyu da lissafi sun isa, kuma asibitoci na iya kwatanta sakamakonsu. Rauninsa shi ne ɗigon A yana bin mariƙi, ba ya bin ciwo. Idan ciwon ƙarami ne, goran ya fi shi girma, lafiyayyar tsoka ta sha hasken banza. Idan babba ne, ko ya karkata gefe guda, wani ɓangarensa yana wajen goran, daga nan kuma yake sake tsirowa. Tsinken ya nuna ƙasa ta jiƙa, amma ƙarshen fangali a bushe yake.

2.3. Awo a dunƙule: tsarawa da hoton ciki

Mataki na uku ya samu ne da zuwan sikana da IRM, waɗanda ke nuna jiki yanki-yanki yayin da mariƙi ke ciki. A 2005 da 2006 wata ƙungiyar likitocin Turai, GEC-ESTRO, ƙarƙashin jagorancin Christine Haie-Meder ta cibiyar Gustave-Roussy a Faransa da Richard Pötter na Biyena a Ostiriya, ta fitar da shawarwarin da suka zama ginshiƙin wannan hanya. Likita yana zana iyakar abin da za a haska a kan kowane yanki na hoton: ragowar ciwon da ake gani, da bakin mahaifa gaba ɗaya, da duk tsokar da ake zargi. Wannan shi ne abin da za mu kira dunƙulen babban haɗari. Yana kuma zana mafitsara da ƙarshen hanji da hanjin da ke samansa.

Lambobi biyu ne ke jagorantar tsarin. Ta farko, D90, ita ce mafi ƙarancin awon da kashi 90 cikin 100 na dunƙulen ya samu. Ana neman ta kai aƙalla gire 85, an fi son ta wuce 90, idan an haɗa hasken waje da na ciki. Ta biyu, D2cc, ita ce awon da santimita kubik 2 mafi shan haske na kowace gaɓa ya samu, wato abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Iyakar da ba a son a ƙetare ita ce gire 90 ga mafitsara da 75 ga ƙarshen hanji, burin kuwa a tsaya ƙasa da 80 da 65.

Abin da ya ba da damar wannan gyara shi ne yadda na'urar zamani ke aiki. Tushen bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, yana maƙale a bakin siririyar waya. Bayan ma'aikata sun fita daga ɗaki, na'ura tana tura shi cikin mariƙi, yana tsayawa wuri-wuri, tazarar milimita kaɗan tsakanin tsayawa da tsayawa. Tsawon daƙiƙoƙin da ya yi a kowane matsayi shi ke sassaƙa siffar goran. Masanin fizik na iya farawa da tsarin ɗigon A ya riƙa gyarawa da hannu, ko ya ba kwamfuta iyakokin da ake so ta nemo lokutan da kanta. Idan ciwon ya yi nisa da bututu har gyaran lokaci ya kasa, sai a ƙara allurai masu rami ta cikin zoben zuwa tsokar gefe, kamar yadda mariƙin Biyena ke yi. Ana sake hoto da tsari a kowane zama ko kowace sanyawa, domin ciwon na raguwa, hanji kuma na motsi.

Binciken EMBRACE, wanda aka fara a 2008 a cibiyoyi 24, ya fitar da sakamakonsa a 2021: cikin mata fiye da 1300, kashi 92 cikin 100 ciwon bai dawo a mazauninsa ba bayan shekara biyar. Inda babu IRM, ana iya yin amfani da sikana tare da gwajin hannu da hoton ekogarafi. Inda babu ko ɗaya, ɗigon A yana nan yana ceton rayuka, muddin an sanya mariƙi daidai.

2.4. Yadda ake haɗa lissafi

Ba a tara gire na waje da na ciki kai tsaye, domin awo mai yawa a zama ɗaya ya fi illa a kan wannan awon idan an rarraba shi. Ana mayar da kowanne zuwa kwatankwacin zama na gire 2, da wannan ƙa'ida: jimillar awo sau (awon zama + k), a raba da (2 + k). Ana ɗaukar k a matsayin 10 ga ciwo, 3 ga lafiyayyar tsoka.

Misali: gire 45 a zama 25 na 1,8 ya koma 44,3. Gire 7 sau huɗu, wato 28, ya koma 39,7. Jimilla 84. Mai karatu zai lura cewa zama huɗu na ciki sun ba ciwon kusan abin da zama 25 na waje suka ba shi. Wannan ita ce hujjar da ya kamata duk mai fassara ya riƙe.

3. Lokaci a matsayin ɓangaren awo

Sankarar bakin mahaifa tana sake yaɗuwa idan magani ya yi jinkiri. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a gama komai, waje da ciki, cikin mako takwas. Binciken da aka yi a Faransa da Kanada da Amurka a shekarun 1990 ya nuna cewa kowace rana ta ƙari bayan mako bakwai zuwa takwas tana rage damar shawo kan ciwon da rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100.

Ga matar da ta fito daga Sarkin Yamma ko Gabi, wannan yana nufin wata biyu nesa da gida, da kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya, ko da yake tun 2007 doka ta tanadi kyautar maganin sankarar mata. Haɗarin ya fi girma a ƙarshen mako na biyar. A lokacin jini yakan tsaya, wari ya ɗauke, mace ta ji sauƙi, ga damina ko girbi na jira. Idan abin da aka gaya mata shi ne «saura ɗan ƙari», komawa gida zai zama mata hankali. Alhali abin da ya saura kusan rabin magani ne.

4. Matsalar kalmomi

4.1. Sunan ciwon da mazauninsa

Akwai kalmomi uku a bakin jama'a: daji, sankara, da aron kansar. Daji yana da faɗi. Masu maganin gargajiya suna kiran kumburi da gyambo iri-iri da shi, kuma sunan yana jan mutum zuwa gare su. Sankara ta fi dacewa, domin kowa ya san sankarar goro, wadda ke cin sa daga wuri guda tana yaɗuwa. Game da mazaunin ciwon, wuyan mahaifa kwaikwayon Faransanci ne. Bakin mahaifa shi ungozomomi ke faɗa, shi muka ɗauka.

4.2. Wuta, gashi, haske

Nan ne fassara ta fi yin ɓarna. Wanda ya ce «za a sa miki wuta» ko «za a ƙone ciwon» ya kawo wa mace hoton sakiya da ƙarfe mai zafi, a wurin da ya fi ko'ina kunya da tsoro. Gashi ya fi taushi, amma yana tuna ruwan zafin jego, yana sa a zaci zafi ne ke warkarwa, har a nemi madadinsa a gida. Radiyo kuma a Hausar Nijar tana nufin akwatin sauraro da hoton ƙashi, don haka «an yi mini radiyo» ba ya bambanta awo da magani. Muna ba da shawarar haske, domin yana ɗauke da gaskiya uku: yana fitowa daga tushe, yana raguwa da nisa, yana ɗaukewa idan an janye tushen. Ta ukun tana amsa tambayar da iyali ke yi, ko macen za ta cutar da ƴaƴanta: da zarar na'ura ta janye tushen, babu hasken da ya rage a jikinta.

4.3. Jerin shawarwari

radiothérapie externe: haskawa daga waje
curiethérapie: haskawa daga ciki, kiriterapi
source: tushen haske (mun guji ƙwaya, domin ana jin ta a matsayin abin haɗiya)
applicateur: mariƙi (sunan kayan aiki daga riƙe, kamar mabuɗi daga buɗe)
dose: awon haske
séance: zama
point A: ɗigon A
volume cible: dunƙulen da ake nufi
organes à risque: gaɓoɓin maƙwabta
temps d'arrêt: tsawon tsayawa

Volume ita ce ta fi wuya. Girma da faɗi da yawa duk suna kusa, amma babu wadda ta keɓanta ga abu mai tsawo da faɗi da kauri a lokaci guda. Dunƙule yana da wannan ma'ana, kuma yana bambanta sarai da ɗigo, wanda shi ne bambancin da ke tsakanin 2.2 da 2.3.

4.4. Abin da bai kamata a ɓoye ba

Hasken ƙugu yana tsayar da haila da haihuwa, yana iya kuma ƙuntata farji idan ba a bi shawarar likita ba. Kunya takan sa mai fassara ya tsallake wannan, musamman idan ɗa ne ke fassara wa uwarsa. Hausa tana da hanyoyin sakaya zance da ke isar da saƙo ba tare da batsa ba, kamar gaba da kwanciyar aure. Ya fi kyau mace ce ta faɗa wa mace, a sanar da miji bisa yardarta, tun kafin a bar Maraɗi.

5. Kammalawa

Mun ga cewa awo ya tashi daga bakin tushe zuwa ɗigo, daga ɗigo zuwa dunƙule, kuma kowane mataki ya ƙara kusantar ainihin jikin macen da ake yi wa magani. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamba 2020 yana neman kashi 90 cikin 100 na matan da aka gano da ciwon su sami magani, Nijar kuma tana cikin ƙasashe bakwai na farko na shirin tallafin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta buɗe a 2022. Na'urori aikin wasu ne. Namu shi ne kalmomi. Jerin da ke 4.3 shawara ce da ke buƙatar gwaji: a karanta wa ungozomomi da matan karkara a Madarumfa da Ɗan Isa, a nemi su maimaita da bakinsu abin da suka fahimta, a riƙe kalmar da ta dawo daidai, a sauya wadda ta karkace. Jimlar da za a fara gwadawa ita ce wannan: «Maganin kashi biyu ne, na waje da na ciki, na cikin zama kaɗan ne, amma ƙarfinsa ya kusa na wajen duka, kuma dole a gama su cikin wata biyu.»